Isnadin Tsohuwar Bindiga

A tsofaffin gidajen cikin birnin Kano, ranar rabon gado ita ce ranar da ake buɗe adakar da ta shekara arba'in ba a taɓa ta ba. A nan ake fito da alkyabbar da asu ya gama da ita, da takobi, da takardun bashi na ajami, wani lokaci kuma da wata doguwar aba a naɗe cikin tsumma. A ƙaddara hakan ta faru a wani gida a unguwar Sheshe. An warware tsumma, sai ga bindiga, amma ba irin ta maharba ba: babu wurin zuba albarushi, babu ƙanƙara, ramin bakinta da ƙyar zai ɗauki ƙwayar dawa, in kuma an danna bututun a gwiwa sai ya lanƙwashe a tsakiya kamar wuƙar aljihu. Kafin a gama jujjuya ta an riga an ba ta tarihi har kala uku. Babban wa ya ce da ita kakan kaka ya yi Basasa. Gwaggo ta ce tun tana yarinya take jin cewa daga Santambul aka kawo ta. Autan gida kuwa, da waya a hannu, ya ce ya ga mai kama da ita a intanet ana neman dubban daloli.

Dukansu uku sun yi gaggawa, kuma gaggawar tana da tsada. In an bi ta autan, za a ɗora wa bindigar kuɗin da ba ta kai ba, a ba wani magaji ita a matsayin kasonsa, alhali an cuce shi. In an raina ta, za a miƙa wa ɗan jari-bola a kan farashin kilo, wataƙila da haƙƙin maraya a ciki. In an tsorata da ita, za ta kwana a tsohuwar rijiya. Hanyar da ta fi dacewa tsohuwa ce, kuma Kano ta san ta: a binciki matani, a binciki isnadi, kada a bar ɗaya ya rufe bakin ɗaya. Matanin a nan shi ne ƙarfen da katakon, isnadin kuwa jerin bakunan da labarin ya biyo. Garin da malamansa ba sa karɓar ruwaya sai sun san wa ya ji daga wa, bai kamata ya riƙa karɓar tarihin kayan gadonsa daga wanda ya fi ɗaga murya a zaure ba.

Sunan unguwar ma kansa darasi ne. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa Sheshe da Mandawari cikin Wangarawa kimanin arba'in da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaiti a zamanin Sarki Yaji, wanda ake ƙirga mulkinsa daga 1349 zuwa 1385. Amma wani rubutun, Aslul Wangariyyin, na tsakiyar ƙarni na 17, ya kawo isowar wannan malami a zamanin Muhammadu Rumfa, kusan shekara ɗari bayan Yaji. Masana ba su yar da ɗaya don su riƙe ɗaya ba, gefe da gefe suka ajiye su suna aunawa. Haka maganar bindiga take. Tarihin Kano ya ce Dagaci, wani basarake daga Borno, ya iso da dawakai da tambura da tutoci da bindigogi a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438. Masana da dama suna ɗaukar ambaton bindiga a wannan wuri da taka-tsantsan, domin a lokacin bindigar hannu ko a Turai jaririya ce, Turkawa kuma ba su kama Tarabulus ba sai 1551. Marubucin da ya rayu a ƙarni na 19, yana ganin 'yan bindiga a bayan sarki kullum, abu ne mai sauƙi ya sanya su cikin tawagar kowane babban baƙo na dā. To, in littafin da fada ta adana zai iya ƙara wa bindiga shekaru, ina ga labarin da aka ji a tsakar gida?

Abin da ya fi tabbata ya zo daga baya. Littafin ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin farko da ya ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. Duk da haka bindiga ta daɗe tana ƙaranci. Heinrich Barth, da ya zauna a Kano a 1851 yana ƙididdige hajar kasuwa, ya lura ruwan takubba yana shigowa da yawa daga Solingen ta Jamus, bindigogi kuwa kaɗan ne, sai wasu masu araha da suka fara ɓullowa ta hanyar Nupe. A rabin ƙarshe na ƙarnin ne ta yawaita, kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato. Sarakuna suka kafa rundunonin 'yan bindiga daga cikin bayinsu, Sarkin Damagaram Tanimu har ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a birninsa. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wani faffaɗan yanki na Afirka da Kano ke cikinsa, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar toka. Saboda haka duk bindigar da za a jingina wa Basasar Tukurawa da Yusufawa ta 1893 zuwa 1895, ko wa ranar 3 ga Fabrairun 1903 da Turawa suka ci Kano, mafi rinjaye ta zama irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki.

Harshe ma yana taimaka wa ruɗanin. Bindiga, albarushi, harsashi, duk daga Larabci Hausa ta aro su, don haka kunne yakan juya arewa da gabas da zarar an ce tsohuwar bindiga. Hanyar hamada gaskiya ce: fataken Tarabulus da Gadamas sun zauna a Dandalin Turawa tun lokacin da Bature ke nufin Balarabe. Sai dai mafi yawan bindigogin da suka shigo Afirka ta Yamma ta teku suka zo, daga maƙeran Birmingham a Ingila da Liege a Beljiyam. Turawa ma sunan mutanen Denmak suka laƙaba wa bindigar toka, saboda sansanin cinikinsu da ke Ankara, wanda suka sayar wa Ingila a 1850. Fataken goro na Gwanja da 'yan kasuwar Nupe da Ikko su ne gadar da ta haɗa wannan gaɓar teku da Kurmi.

Bindigar iska dangi ce ta daban, domin babu wuta a cikinta, iska ce matsattsiya ke tura dalma. Tambayar farko da za a yi wa ƙarfen ita ce: ina iskar take fitowa? Amsar ita kaɗai takan yanke shekara ɗari daga gardama. Mafi tsufa da ta rage a duniya, ta wajen 1580, tana gidan adana makamai na sarauta a Stockholm. Daga ƙarni na 17 zuwa na 19 an yi masu rumbun iska, waɗanda ake cikawa da famfon hannu: wata rumbunta yana cikin gindinta, wata ƙwallon tagulla ce a maƙale a ƙasan bututu, wata ma an ɓoye ta a siffar sandar dogarawa don manyan mutanen Ingila. Fitacciya a cikinsu ita ce ta Girardoni, wadda sojan Ostiriya suka fara riƙewa wajen 1780. Tana ɗaukar dalma kusan ashirin a lokaci guda, sai dai cika rumbunta na cin bugun famfo kimanin 1,500, kuma gyaranta sai gwani. Waɗannan kaya ne masu tsada da aka ƙera kaɗan kaɗan. In aka sami irinsu a adaka a Sheshe, to lallai an yi gamo da abin da ya cancanci a kira masana daga nesa. Alamarsu a bayyane take: ramin baki mai faɗi da zai ɗauki ɗan yatsa, da rumbun da ake kwancewa.

Wadda ake karyawa a gwiwa kuwa, mai sifirin a ciki, 'yar masana'anta ce. Irinta ta fara yaɗuwa daga shekarun 1870 da 1880 a Amurka da Jamus. Kamfanin Diana ya kafu a garin Rastatt a 1890. Kamfanin BSA na Birmingham, wanda dattawan Kano suka fi sani a jikin keke da babur, ya fara ƙera bindigar iska mai sifirin a 1905. Webley ya fito da ƙaramarsa ta hannu a 1924. Ramin bakinsu yawanci milimita 4.5 ne ko 5.5, aikinsu harbin tsuntsu da ɓera da gasar saiti. A nan labarin babban wa ya faɗi, ko da shekarun sun yi kusa: mai hankali ba ya tunkarar barde cikin lifidi da abin da aka ƙera don kurciya.

Bayan an gane dangi, sai a koma ga rubutu da hatimi, kuma a nan ake bukatar haƙuri da hasken rana da madubin ƙara girma. Bindigar wuta ta Turai takan ɗauki hatimin gidan gwaji, inda ake cika ta da albarushi fiye da kima a ga ko za ta fashe. Na Birmingham an kafa shi a 1813. Na Liege yana buga haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, kuma daga 1893 aka ɗora wa da'irar kambi, don haka kambin nan kaɗai ya isa ya ce bututun bai girmi wannan shekara ba. Bindigar iska ba ta bi ta wannan gida a Ingila, saboda haka rashin hatimi a jikinta ba aibi ba ne. Shaidunta wasu ne. Tambarin BSA bindigogi uku ne a jingine da juna. Na Diana mace ce ta yar da baka ta ɗaga bindiga. Inda aka rubuta ".177" ko "No. 1 bore", awon Ingilishi ne, inda aka rubuta "4,5" da waƙafi a tsakiya, hannun nahiyar Turai ne. Rubutun "Made in Germany" ya samo asali daga dokar Ingila ta 1887 da ta tilasta bayyana ƙasar da kaya suka fito. Haruffan DRGM na rajistar Jamus ne daga 1891 zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, DBGM kuma ta bayan yaƙi ce. "West Germany" ko "GDR" ba za su wuce zamanin da Jamus ke rabe biyu ba, wato 1949 zuwa 1990. Harafin F cikin zane mai kusurwa biyar, alamar cewa ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, bai fara ba sai wajen 1970. Ko notinan jikinta suna magana: makaniki mai ido zai faɗa ko a kan inci aka yanke su ko a kan milimita.

Amma hatimi ma marawaici ne, kuma a cikin maruwaita akwai maƙaryata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an kwashe injinan masana'antar Diana a matsayin diyyar yaƙi, suka ƙare a hannun kamfanin Millard Brothers a Sikotland, wanda ya ci gaba da ƙera bindigogi da sunan Diana har farkon shekarun 1980. A wannan tsakanin, ta asalin ta Jamus sai ta shiga kasuwar Ingila da sunan "Original". Ke nan Diana da ta iso Kano ta hannun kantin Ingilishi a shekarun 1950 tana iya zama 'yar Sikotland da ba ta taɓa ganin Jamus ba. A ɓangaren bindigar toka lamarin ya fi muni. Kalmar "TOWER" da kambi, alamar makaman gwamnatin Ingila, ta samu karɓuwa a kasuwannin Afirka, don haka maƙeran kasuwa suka riƙa buga ta a kan hajar da ba ta taɓa shiga rumbun soja ba. Maƙeran kan iyakar Afganistan da Pakistan sun yi suna wajen kwaikwayon bindigogin Ingila har da hatiminsu, ana gane su ne da harafin da ya juya baya, ko da tambarin Sarauniya Victoria a gefen shekarar da ta zo bayan rasuwarta a 1901. Rubutun Larabci a jikin bututu ma haka: yana nuna cewa wani mai karatun Larabci ya taɓa riƙe ta ko an yi ta don kasuwarsa, bai isa ya kai ta fadar Santambul ba.

Akwai kuma abin da ya sa kalmar "asali" ita kanta take da santsi. Takubban da Barth ya gani, ruwansu na Solingen ne, amma a Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su wuce wasu ƙasashe a matsayin takobin Kano. To, 'yan ina ne? Bindigar da ta shekara saba'in a cikin birni da wuya ta kasance yadda ta bar masana'anta. Katakon gindinta ya tsage, kafinta ya sassaƙa wani da itacen gida. Fatar da ke matse iska a cikinta ta bushe, baduku ya yanko wata. Sifirin ya karye, mai gyaran keke ya nemo madadi. Wani ya naɗe ta da jar fata, ya ɗinka mata laya. Mai tara kayan tarihi a Turai zai ce an ɓata ta, ya rage mata kuɗi. Ga mai neman tarihin Kano kuwa, wannan gyare-gyaren shi ne ɓangaren da ya fi daraja, domin shi ne sa hannun garin a jikin baƙon ƙarfe. Tambayar asali ta rabu huɗu ke nan: inda aka ƙera, hanyar da ta biyo, hannuwan da suka gyara, da abin da aka yi da ita. Ƙarfe yana amsa ta farko da ta uku. Ta biyu da ta huɗu sai mutane.

A nan gwaggo take dawowa da darajarta, da sharaɗin a iya yi mata tambaya. Wanda ya ce mata "Gwaggo, ai daga Santambul aka kawo ta ko?" ya riga ya sa mata amsa a baki. Abin tambaya shi ne a hannun wa ta fara ganinta, a wane ɗaki ake rataye ta, wane sarki ke kan gado a lokacin, kafin tafiyar Malam Makka ne ko bayan dawowarsa, wa ya faɗa mata abin da take faɗa. A tambayi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, kada a tara su, domin a taro ƙarami yakan bi bakin babba. A naɗi muryarsu tun kafin a gaya musu abin da hatimi ya nuna. Sau da yawa labarin da ya yi kuskure a kan shekara yakan dace a kan hanya: "Santambul" na iya zama sunan da gida ya ba duk abin da alhaji ya dawo da shi daga gabas, bayan shekaru yana tafiyar ƙasa ta Sudan. Hanyoyin shigowa a ƙarni na 20 sanannu ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan John Holt da G. B. Ollivant da CFAO suka biyo shi, UAC ta haɗu a 1929, Kwarori suka kafa shaguna a Fagge. Sojojin da suka yi yaƙin Bama sun dawo da tsaraba. Ma'aikatan Turawa da suka tattara kayansu gab da 1960 sun bar wa akawu da kuku abin da ba zai shiga akwati ba. Rasit ɗaya ko tsohon lasisi a ƙasan adakar ya fi rantsuwa goma, shi ya sa bai kamata a ƙona takardun da aka tarar tare da ita ba, ko da sun yi kama da shara.

Wani zai ce: in bincike zai ƙare da cewa bindigar kaka hajar kanti ce ta 1955, me aka ci riba? An rushe wa gida abin alfahari, an ba su rasit. Wannan ƙorafi yana da nauyi, domin gida yana rayuwa da labaransa kamar yadda yake rayuwa da hatsi. Sai dai labarin Basasa da aka liƙa wa abin da bai je ba ya danne wani labarin na gaskiya da babu wanda ya rubuta: na attajirin cikin birni da cinikin gyaɗa ko fata ya kai shi ga sayen abin wasan Turawa, ko na ɗan boko na farko a gidan da ya koyi saiti a makaranta. Tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe yana da marubuta. Tarihin yadda kaya suka shiga ɗakunan Sheshe da Mandawari da Alfindiki, suka canja ɗanɗano da matsayi, shi ne maraya, kuma shaidunsa ne ake aunawa a sikelin 'yan gwangwan.

Kafin a kai ga masani, akwai ɓarnar da ƙauna ke jawowa. Goge tsatsa da samfefa yana tafiya da hatimin da ake nema, fenti kuma yana binne shi. Mai kaɗan a tsumma mai laushi ya wadatar, sannan a ɗauki hoton kowane rubutu da ma'auni a gefensa. Kada a gwada cika tsohon rumbun iska, domin ƙarfen da ya haura shekara ɗari yana iya tarwatsewa a hannu. Kada a harba mai sifirin babu dalma a ciki, yana lalata ta. Bindigar toka kuwa a ɗauke ta a matsayin ɗurarriya har sai an tabbatar da akasin haka, domin albarushi yana iya shekaru a cikin bututu bai mutu ba.

Babban cikas dai doka ce, ko a ce ramin da ke tsakanin dokoki biyu. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ta sanya bindigar iska a rukuni ɗaya da bindigar farauta, wato ba a mallakarta sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Bindigar toka kuma ta bar sha'aninta a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Magajin da ya tsinci irin wannan a adakar mahaifinsa ya wayi gari da abin da zai iya kai shi gaban alƙali, ba tare da ya saya ko ya nema ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ambaci makami cikin kayan tarihi, amma ta ɗaure shi da sharaɗin ya zama ƙirar gida, wanda aka yi kafin 1918 ko aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Bindigar Birmingham da ta shekara ɗari a Kano ta faɗa tsakani: a wurin ɗan sanda makami ce, a wurin dokar tarihi baƙuwa ce. Wasu ƙasashe sun toshe wannan rami. Dokar Birtaniya ta 1968 ta keɓe tsohuwar bindigar da aka ajiye don tarihi ko ado, ƙa'idojin 2021 kuma suka sa mata iyaka da watan Satumban 1939 tare da wasu sharuɗɗa. Amurka ta ja nata layin a 1898.

Ba a manta halin da Arewa ke ciki ba. A lokacin da ƙauyukan Zamfara da Katsina ke kwana da ido ɗaya, duk wanda ya nemi a sassauta wa wata bindiga dole a dube shi sau biyu, kuma ɗan sandan da ya ƙi bambance tsohuwa da sabuwa a bakin shinge yana da uzuri. Amma tsarin da ake ciki bai ƙara tsaro ba. Abin da yake haifarwa shi ne ɓoyo: kayan suna nan a ƙarƙashin gado, hukuma ba ta san adadinsu ba, masana ba su gan su ba, dillalin da ya san darajarsu kuma yana saye a ɓoye da arha saboda mai kaya yana tsoro. Cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 tana lalata abin da aka ƙwace, kuma daidai ne, sai dai ya kamata idon ma'aikacin gidan tarihi ya bi ta kan tulin kafin a kunna wuta.

Abin da Kano ke bukata bai kai girman sabuwar hukuma ba. Gidan Makama yana nan a bakin fada, Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha tana Gidan Ɗan Hausa, Jami'ar Bayero tana da sashen tarihi, masarauta kuma tana da 'yan bindigarta da suka gaji sanin bindigar toka hannu da hannu, waɗanda hawan sallar da suke yi wa amo ya shiga kundin UNESCO a 2024. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya da rundunar 'yan sanda a kan wasu ranaku sanannu, inda magaji zai sanar da mai unguwa, a zo a ɗauki kayan da rakiya, ba tare da an tuhume shi ba. A duba ta, a auna, a ɗauki hoton hatimi, a rubuta abin da ƙarfe ya nuna a shafi ɗaya, abin da iyali suka ruwaito a shafi na biyu da sunan wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi. Wadda ta zama makami mai aiki ta tsaya a hannun hukuma. Wadda ta cancanci nuni ta shiga gidan tarihi a matsayin aro, da sunan gidan da ta fito a jikin allonta. Iyali kuma a ba su kwafin shafukan biyu da ƙiyasin kuɗinta, su kai wa malamin da ke raba musu gado.